Filin da Ya San Hanyar Ruwa

Mutumin Maraɗi idan ya nufi Zariya a watan Agusta, tun daga Funtuwa idonsa yake fara shan kore. A wajenmu gero ne da wake a kan jigawa, ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba. A nan kuwa masara ce ta fi mutum tsawo, ga dawa, ga rake a fadamu, ƙasa ja mai danƙo, ruwan shekara kuma yana haura milimita 1,000, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Biki ne ya kai ni. Ɗan kawuna, wanda ya je karatun nahawu birnin Zazzau tun muna samari ya yi zamansa can, shi ne zai aurar da 'yarsa. Amma ni mai koya wa yara ƙwallo ne a unguwarmu, kuma duk garin da na sauka, kafin in tambayi hanyar kasuwa sai na tambayi inda yara ke wasa.

Wannan tambaya ta ƙara yi mini nauyi tun daminar 2024. A shekarar ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka rushe. Filin da nake tara yarana, ruwa ya raba shi gida biyu, ya bar kwazazzabo a tsakiya. Tarihinmu ma ya san irin wannan: Gulbin Maraɗi ya ci tsohon gari a 1945, shi ya sa aka hau tudu aka yanka sabon gari mai miƙaƙƙun tituna. Mu dai da ruwa ya matsa mana, ƙaura muka yi muka bar masa wurin. Zazzagawa suna nan inda suke tun ɗaruruwan shekaru, suna samun ninkin ruwanmu, a kan ƙasar da ba ta shanye shi da wuri kamar yashinmu. Na so in ga yadda filayen wasansu ke kwana a damina.

Ta Ƙofar Doka muka shiga. Ganuwa ta zaizaye a wurare da yawa, wani wuri ta koma tudu mai ciyawa da awaki ke hawa, wani wuri gidaje sun ci ta. Duk da haka mutum yana iya bin sawunta, kewayen da ya haura kilomita 14, da ƙofofin da har yau da su ake kwatance: Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Galadima, Jatau, Kibo. Waɗanda suka ja wannan ganuwa ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun shigar da gonaki da fadama da dutsen Madarkaci da rafin Kamaca, domin in yaƙi ya sa an rufe ƙofa a sami abin ci da abin sha. Baturen nan Kilafaton da ya ratsa garin a 1826 ya rubuta cewa ya ga gonaki da fadamu da dogayen itatuwa a cikin ganuwa. Abin da ya rage na wannan yalwar, shi ne yaran birni ke buga ƙwallo a kansa yau.

Kafin filaye, abin da ya fara ɗaukar hankalina kududdufai ne. In ka bi lungunan Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona, ba ka daɗe kana tafiya sai lungu ya buɗe a kan wani tafki kore, agwagi na iyo, gidaje sun juya masa baya. Asalinsu ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar tubali. Gida ya tashi sama, ramin da aka ɗebi ƙasarsa kuma ya zama ma'ajiyar ruwan da zai zubo daga indararonsa. Ba na jin wani ya zauna ya zana wannan tsari a takarda, amma ya yi aiki shekara da shekaru: ruwan soro ya faɗo lungu, lungu ya miƙa shi ga kududdufi, in kududdufi ya cika ya tumbatsa zuwa na ƙasa da shi, har ya kai rafi, rafi ya kai shi Galma. Ruwa yana da masauki a kowace unguwa, shi ya sa ba ya shiga ɗakin kowa neman wurin kwana.

Filin da na fi daɗewa a bakinsa yana kudancin birni, tsakanin bayan gidaje da abin da ya rage na ganuwa. Ba shi da katanga, ba shi da allon suna. Turakun gola bututun ƙarfe ne da aka kafa da siminti. Kallon farko ba za ka ce an yi masa wani aiki ba. Sai da na zagaya shi da ƙafa na lura tsakiyarsa ta ɗan ɗara gefensa tudu, kamar an kife faranti. Ta gefen da ke kallon gidaje, inda ruwan lunguna ke gangarowa, an yanka wata 'yar hanya mai faɗi, zurfinta bai wuce taƙi ɗaya ba, ta bi bayan gola ta kewaya ta faɗa kududdufi. An bar ciyawar kiri-kiri ta lulluɓe cikinta, ba a nome ta ba. Ta gefen gangare kuma, inda ƙasa ta fi saurin tafiya, an dasa jema layi guda, tushenta ya riƙe bakin fili gam.

Daren Talata aka yi ruwa irin wanda ake ji a ƙirji. Tun bayan isha'i hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara, sannan ya sauko har tsakar dare. Da aka idar da sallar asuba na ce da mai masaukina, “Yaya, bari in leƙa filin nan.” Ya ce in sa takalmin roba.

Na iske an riga ni. Samari da yara sun kai ashirin, wasu da fartanya, wasu da shebur, ɗaya yana tura baro. Kududdufi ya cika fal har ya taɓo gindin jema, amma tsakiyar fili babu ruwa kwance, sai danshi. Wuri ɗaya ne ya ɓaci: leda da tsummoki sun toshe hanyar ruwa a kusurwa, ruwa ya tsallake ya yanki wata 'yar tsaga zuwa bakin gola. Nan aka taru. Yara biyu suna tsamo ledar da hannu suna zubawa a buhu. Wasu suna cika tsofaffin buhunan siminti da ƙasa, a ɗaure baki, a jera su a kan tsagar ɗaya bisa ɗaya, a tattake. Sai aka kawo marmara a baro daga wani tuli da ke gindin bishiya, aka zuba, aka baje da bayan shebur, wani ƙato ya ɗauko guntun turmi yana daɓewa. Babu mai ba da umarni da ƙarfi. Kowa ya san inda zai sa hannu, alamar ba yau aka fara ba.

Mai horar da su, wanda kowa ke kira Koci, tela ne, shekarunsa ba su fi talatin da 'yan kai ba. Muka gaisa, na gaya masa daga inda nake da irin aikina, nan take ya saki jiki.

“Malam, ai ruwa ba ya neman izini,” in ji shi. “In ba ka yanka masa hanya ba zai yanka wa kansa, kuma ta tsakiyar fili zai bi.”

Na tambaye shi marmarar fa, wa ya kawo?

“Karo-karo muke yi tun watan Afrilu. Kowane ɗan wasa da abin da zai iya, masu shaguna su ƙara mana, mu sayi tifa ɗaya mu ajiye. In ka bari sai ruwa ya sauka, mota ba za ta shigo ba, kuɗin ma ya tashi.”

“To yau za a buga?”

Ya taka ƙasa da diddige, ya ɗaga ƙafa, ya nuna mini gurbin. “Sai an taka ba a ga sawu ba. In muka shiga yanzu da takalma, abin da za mu ɓata cikin awa ɗaya sai mun yi wata muna gyara. Gobe da la'asar, in Allah ya kai mu. Kuma wanda bai zo gyara ba, benci zai zauna, ko shi ne mai cin ƙwallo.”

Benci a nan wani kututturen darbejiya ne da aka kwantar. Na zauna a kansa ina kallonsu, raina ya yi fari, ya kuma yi nauyi, domin na tuna yadda muka yi da namu filin. Mun tsaya jiran a zo a gyara mana, damina ta wuce, kwazazzabo ya ƙara faɗi, yara suka watse, wasu suka koma buga ƙwallo a kan kwalta tsakanin motoci. Aikin gayya ba baƙonmu ba ne a gona. A nan sun ɗauko shi sun kawo filin wasa, sun kuma ɗaura shi da abin da yaro ya fi so a duniya, wato a sa shi a wasa.

Manyan biranen duniya da kuɗi da injiniyoyi sun dawo kan wannan dabara. A Rotadam ta ƙasar Holan, a 2013 aka buɗe dandalin Benthemplein, wanda aka gina shi a ƙasa-ƙasa da gangan: ranar da babu ruwa filin ƙwallon kwando ne da wurin zaman ɗalibai, ranar da aka yi mamako kuma ya karɓi ruwan rufin gine-ginen da ke kewaye, kusan lita miliyan 1.7, ya riƙe har magudanan gari su sami sarari. A Yokohama ta Japan, babban filin wasansu a kan ginshiƙai yake, a tsakiyar wani kwari da aka ware domin kogin Tsurumi ya zuba rararsa. Da guguwar Hagibis ta afka wa ƙasar a Oktoban 2019, ruwa ya cika ƙarƙashin filin, amma ranar 13 ga wata aka buga wasan zari-ruga na cin kofin duniya tsakanin Japan da Sikotilan a samansa. Tunanin ɗaya ne da na kududdufi da 'yar hanyar bayan gola: a ware wa ruwa wurinsa tun kafin ya zo. Kuma buƙatar hakan ƙaruwa take yi. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu sauke ruwa da yawa a lokaci ɗaya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Manomi ba ya buƙatar mujalla ta gaya masa wannan, ya ga yadda ruwan wata guda ke sauka a dare ɗaya, sannan a yi kwanaki ana kallon sama.

Ruwa rabin magana ne. Ɗaya rabin zafi ne, kuma a nan itatuwan Zariya suka burge ni ƙwarai. Gari ne da unguwanninsa ke amsa sunan bishiya: Rimin Tsiwa, Rimin Doko, Rimin Danza, Durumin Maigarke. Rimi kuwa tun daga nesa yake sanar da matafiyi ya iso Zazzau. Filin su Koci yana da darbejiya da mangwaro a jere ta yamma, wato ta inda rana ke dukan fili bayan azahar. Da la'asar inuwarsu takan miƙo har kusan tsakiya, 'yan kallo da masu jiran canji duk a ƙarƙashinta suke. Koci ya ce wani dattijon unguwa ne ya dasa su tun kafin a haife shi, kuma duk yaron da aka kama yana karya reshe, hukuncinsa ban ruwan sababbin dashe na mako guda. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, don haka zafinta bai kai na Sakkwato ko Maraɗi ba, amma Maris da Afrilu ba sa raga wa kowa. A 2024 azumi ya faɗo daidai wannan lokaci, kuma ranar 3 ga Afrilun shekarar aka auna digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. A irin wannan yanayi yaro yana iya faɗuwa a fili ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Abin da suke yi mai sauƙi ne, sai dai yana buƙatar babba mai faɗa a ji. Da bazara ba a taɓa ƙwallo tsakanin hantsi da la'asar sakaliya. Da azumi wasa yakan koma dare bayan tarawihi, a hasken fitilu masu aiki da rana da aka ɗaura a jikin itatuwa. A zauren da ya fi kusa da fili akwai randa biyu da moɗa, matar gidan ce ke cika su sadaka, kuma Koci yakan busa usur a tsakiyar kowane rabi a je a sha. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya sai a 2014 ta fara tsayar da wasan cin kofin duniya domin shan ruwa, a karawar Holan da Meziko a Fortaleza. Gasar cin kofin Afirka ta 2023 ma sai da aka ɗage ta zuwa Janairun 2024 saboda daminar Kodebuwa. Mu kuwa tun asali wasanninmu da lokacinsu suke tafiya. Dambe na kaka ne, bayan an kai amfani gida, ƙasa ta bushe. Langa da gaɗa na farin wata ne. Gasar kokowa ta Takobi da muke ji da ita a Nijar tun 1975, da sanyin rani aka saba yin ta. Ƙwallon ƙafa ce ta zo ba ta san kaka ko bazara ba, sai an koya mata.

Zauren nan mai randuna yana da wani aikin kuma. Na ga ranar da hadari ya taso ana tsakiyar wasa, aka yi walƙiya ɗaya, tsawa ta biyo baya kusa-kusa. Koci bai jira ɗigon farko ba, ya busa, ya nuna zaure. Wasu yara suka nufi gindin mangwaro, ya daka musu tsawa suka juyo. Ya yi daidai, domin fili buɗaɗɗe da gindin doguwar bishiya su ne wuraren da aradu ta fi faɗawa. Mu kusan talatin muka cunkushe a zauren ƙasa mai kaurin bango, ana ta musun ko ƙwallon da aka ci kafin usur ta shiga lissafi.

Zauren nan ne ya sa na nemi magini. Mai masaukina ya kai ni wajen wani dattijo ta wajen unguwar Babban Gwani, muka same shi a kan tsani yana duba bakin wani indararo. Ya sauko muka gaisa, na durƙusa, ya ce in tashi.

“Baba, me ke riƙe ginin ƙasa a garin da ake ruwa haka?”

Ya kama hannuna ya ɗora a jikin bango, ya ce in shafa. Santsi ne da tauri, ruwa ya bi ta kai bai shiga ba. Ya ce a da laso ake yi wa soro, a haɗa katsin marina da gashin dabba da ruwan dafara, bango kuma a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Yanzu marina ta ja baya, masu haɗa laso sun yi ƙaranci, mutane sun koma shafa siminti a kan ƙasa. “Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna, ɗana. Ya tsage ta baya, ruwa ya shiga ya kwanta, kai kana ganin waje lafiya lau.” Ya nuna mini wata siririyar tsaga a ƙarƙashin indararo, wadda da ni kaɗai ne ba zan gan ta ba. “Bango ba ya faɗuwa bai yi magana ba. Kowace shekara kafin ruwan fari sai an hau an duba, an toshe, an yi yaɓe. Shekarar da aka ce a bari sai baɗi, ita ce shekarar.”

Daga nan muka taka zuwa ƙofar fada. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846, shi ne ginin ƙasar da masana gine-gine suka fi yabo a ƙasar Hausa, saboda bakan-gizonsa da ginshiƙansa da yadda aka ɗaura azara ta ɗauki rufi mai faɗi. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana sallar la'asar, wani sashe nasa ya rufto a kan masallata, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo masu gyara. Shekara ɗaya bayan haka, a farkon Satumban 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, shi ma ya rushe bayan ruwa mai yawa. Na tsaya a wurin na yi addu'a, maganar dattijon nan tana yi mini yawo a kai.

Wani zai ce me ya haɗa wannan da filin ƙwallo. Duk inda jama'a ke taruwa a ƙarƙashin rufi ko a gindin bango, hukuncinsa ɗaya ne. Katangar makaranta da yara ke jingina da ita suna kallon wasa, rumfar kwano da ake kafa wa manyan baƙi, gidan kallon ƙwallo da samari ɗari ke cika shi ranar Asabar, duk iskar farkon damina tana gwada su, ruwan Agusta kuma ya jiƙa gindinsu. Na lura filin su Koci ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma da na tambaya ya ce an taɓa yi musu tayin katangar bulo suka ce a'a. Katanga za ta tare ruwan lunguna ya koma gidajen mutane, ko ta jiƙa ta faɗo a kan yara. Suka roƙi mai tayin ya saya musu marmara da raga da fitilu. Na jinjina wa wannan hankali. A garuruwanmu an ɗauka ci gaban fili shi ne a kewaye shi, a zuba kankare, a shimfiɗa ciyawar roba. Ciyawar roba kuwa da rana tsaka ta fi ƙasa zafi nesa ba kusa ba, ruwa ba ya ratsa kankare, kuma filin da aka kashe wa kuɗi haka sai an biya ake shiga, ɗan talaka ya koma leƙe ta waya.

Ba wai Zariya ba ta san filayen zamani ba ne. Garin wasa ne tun da daɗewa. Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 ta dawo Zariya a 1949, ta zo da wasan fayifs, na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da ƙaunarsa. Akwai filin folo, akwai filayen Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun bayan kafa ta a 1962. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors ta ci gasar ƙwallon kwando ta Amurka a 2019, a garin nan ya tashi, a nan ya fara jefa ƙwallo a kwando. Amma waɗannan duk a wajen ganuwa suke, kuma suna da hukumomi da kasafin kuɗi. Na cikin birni ba su da kowa sai mutanen unguwa, kuma su ne suka fi kama da abin da ke hannunmu a Maraɗi, ko Tasawa, ko kowane gari da yaransa suka fi filayensa yawa.

Zan yi wa Zazzagawa rashin adalci in na ce komai lafiya, domin su da kansu ba su ce haka ba. Kududdufai da yawa sun zama juji. Wasu an cike su da bola da ɓaraguzai an yanka fuloti an yi gini, ruwan da suke karɓa kuwa bai daina zuwa ba, sai dai ya nemi wani wurin, sau da yawa ɗakin wanda ba shi da ƙarfi. Waɗanda suka rage suna tara sauro, kuma iyaye mata suna fargabar su da gaskiya, domin yaro yana iya bin ƙwallo ya zurma. A filin da na gani, ƙa'ida ce ƙaramin yaro ba ya bin ƙwallon da ta faɗa ruwa, akwai doguwar gora mai raga a baki da aka ajiye domin haka. 'Yan mata kuma ba su da rabo a wannan fili ko kaɗan. A bikin da ya kai ni na ga yadda suka share ƙofar gida bayan ruwa, suka zuba yashi a inda ya yi caɓi, suka yi gaɗarsu har dare, na ce a raina su ma sun cancanci wuri mai inuwa da magudana wanda ba sai an yi biki ba.

Ranar da zan tafi na koma yi wa Koci sallama a shagonsa, na same shi yana ɗinka wa yara lambobi a bayan riguna. Na ce masa in na koma gida zan tara iyayen yarana da masu shagunan unguwa tun kafin bazara, mu fara da yanka wa ruwa hanya ta gefen tudu, mu nemo jema daga bakin gulbi. Ya ce in fara da zuwa filin ana tsakiyar ruwa, in tsaya da lema in ga ta inda yake shigowa da ta inda yake son fita, kada in yanka ko taƙi ɗaya kafin nan. Sannan ya tsayar da keken ya ce abin da ke hana shi barci ba damina ba ce. Filin ba shi da takarda. Gado ne na wani babban gida, dattijon da ya ba su aro ya rasu, magada kuma suna da yawa, wasunsu ba a garin suke ba, kuma an fara zuwa da igiyar awo ana kallon kududdufin. Sun je wajen mai unguwa, shi da limamin masallacinsu da iyayen yara, suna roƙon a yi magana da magada a bar filin da kududdufin tare a matsayin wakafi, ko unguwa ta tara kuɗi ta saya a hankali, domin in aka cike ramin, filin da gidajen da ke bayansa duk ruwa zai ci. Mai unguwa ya karɓi maganar ya ce zai kai ta gaba. An sa ranar zama da magada bayan girbi.